Yawon Bakin Teku Da Surukina

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga unguwar Al Asmakh ta Doha, mu uku a cikin wata ƙaramar mota ta aro: ni, da direba, da surukina. Masu bibiyata a shafin nan sun saba ganin hotunana ina tsaye a gaban dogayen gine-ginen Doha, don haka bari in faɗi gaskiya da bakina kafin wani ya faɗe ta a madadina. Shekarata shida ina aikin gadi a ƙofar wani gidan ajiyar kaya a Abu Hamour, kuma Katar ɗin da na sani ba ta wuce wadda ake hangowa ta tagar motar ma'aikata ba, daga ɗaki zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa ɗaki. Hotunan nan kuwa rana ɗaya aka ɗauke su, a wuri ɗaya. Riga kawai na riƙa sauyawa.

Surukin nawa dattijo ne, manomin rani a bakin kogin Haɗeja, mutum mai ƙarancin magana. Umara ya je, a hanyar komawa jirginsu ya yada zango a Doha, babban ɗansa kuma ya nema masa takardar shiga gari ta kwana ɗaya. Sati guda kafin zuwansa matata ta kira ni, muka gama hirar yara, har zan kashe waya sai ta ce, "Ka sani fa Baba ba yawo zai zo ba. Cewa ya yi yana so ya ga abin da ya riƙe ka a can." A shekara shida sau biyu na je gida. 'Yar autarmu ta fi sanina a fuskar waya fiye da a tsakar gida. Na san abin da dattijon zai zo aunawa, na kuma ƙudura cewa sai ya ga ƙasa mai kyau da suruki wanda ya san ta ciki da waje. Na nemi hutun Juma'a, na yi kwana shida ina haddace sunayen wurare daga waya a bakin ƙofar da nake gadi, kamar mai shirin jarrabawa. Tsarin da na yi shi ne mu bi gefen teku zuwa arewa, mu yi Juma'a a can, mu shiga wani tsohon lambu na wasu attajiran da aka buɗe wa baƙi, sannan mu kai Baba filin jirgi kafin magariba, don jirginsu na ƙarfe takwas ne.

Direban abokina ne, mutumin Zangon Kumasi, gajere kakkaura, ba ya gajiya da surutu. Wani gida yake tuƙa wa, kuma kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, shi ya ba shi aron motar da ake zuwa cefane da ita, da sharaɗin ta dawo yadda ta fita. Na sa Baba a gaba. Ni na shiga baya tare da kayan da but ya kasa ɗauka: jarkar zamzam, kwalin dabino, da wani ƙunshi na dardumomi da jallabiyoyin tsaraba. Sabuwar farar shadda na sa, wadda na ajiye tun sallar bara.

Zangonmu na farko Kornish ne, doguwar hanyar nan da ta lanƙwasa ta rungumi teku. Safiyar Juma'a a Doha gari ne na masu barci, titi fayau, sai masu shara da 'yan motsa jiki. Lokacin sanyi ne, iska na kaɗawa daga ruwa, rana na fitowa a bayan jiragen katako da aka ɗaɗɗaure a gaɓa, gine-ginen gilashi na can gefe suna ɗaukar launin ja ɗaya bayan ɗaya. Ni kaina abin ya ba ni sha'awa, don ban taɓa zuwa wurin a wannan lokaci ba. Na gyara murya na fara karanto abin da na haddace. Da na juyo, babu Baba a gefena. Yana can durƙushe a kan ciyawa, ya tono wani siririn baƙin tiyo yana jujjuya shi, yana kallon yadda ruwa ke ɗiga daga ƙananan huji. Ya tambaye ni daga ina ruwan yake zuwa. Na ce daga teku ake tace shi. Sai ya sauka kan duwatsu, ya ɗebi ruwan teku a tafin hannu, ya kai baki, ya tofar. Ya daɗe yana kallon ruwan nan har inda ya haɗe da sama, sannan ya ce, "Duk wannan, ba zai shayar da ko kwamin albasa ɗaya ba." Ya faɗe shi ne da muryar mai yin ta'aziyya.

Daga nan muka tsaya a wani shagon shayi. A nan ba a fita daga mota. Direba ya danna ham sau biyu, wani ɗan Indiya ya fito ya karɓi saƙo, ya dawo da karak, wato shayin madara mai kauri da ƙamshin kayan yaji, kofi ɗaya riyal ɗaya, da gurasarsu mai laushi da aka naɗe ƙwai a ciki. A nan matsalata ta farko ta fara. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gaban mutumin nan ba, ban kuma ga yadda za a yi in fara a bayan ƙeyarsa ba. Da aka miƙo mini nawa na ce na ƙoshi. Direba bai ko tambayi dalili ba, ya karɓe ya haɗa da nasa. Ina ji ina gani ƙamshi ya cika motar, ni kuwa rabona da abinci tun magaribar jiya.

Hausar direban ma ta ɗan ba Baba aiki. Su mutanen Zango komai namiji ne a bakinsu, mota ya sha mai, hanya ya yi kyau. Baba ya tambaye shi ko iyalinsa suna nan tare da shi.

"A'a, Alaji, matana yana Kumasi. Ya haihu watan jiya."

Baba ya mayar da ido kan titi ya ce, "To. Allah Ya raya."

Hanyar arewa shimfiɗaɗɗiya ce, faɗinta ya isa a yi kasuwa a kai, babu rami ko ɗaya. Muna wuce sababbin unguwanni sai gine-gine suka ƙare kamar an yanke su da wuƙa, ƙasa ta koma fara fat, duwatsu ƙanana da 'yan ƙayoyi, can nesa raƙuma a bayan shingen waya. Lokaci zuwa lokaci teku ya leƙo ta dama, shuɗi mai haske, ya sake ɓuya. Direba ya san inda kowace kamarar kama masu gudu take, yana zuwa kusa da ita sai ya sassauta ya ɗaga mata hannu kamar mai gaida babba. Baba kuwa tun da muka fita gari ya zaro fasfonsa ya riƙe a hannu yana jiran shingen bincike. Muka yi tafiya mai nisa babu wanda ya tsayar da mu. Abin da ya fi damun sa shi ne rashin mutane. Ba mai tallan rake, ba mai gasa masara, ba ko wanda ya tsuguna a gindin bishiya, don bishiyar ma babu. Ya ce shi bai taɓa ganin hanya mai kyau haka ba, bai kuma taɓa ganin wadda ta kai ta kaɗaici ba.

A Al Khor muka tsaya a tashar masunta. Ƙaramin gari ne mai natsuwa, ƙarnin kifi na tashi, jiragen katako a jere, an jibge wasu manyan kwanduna na waya masu kama da rabin ƙwallo a kansu. Wannan ba ya cikin abin da na haddace, amma da na ga Baba yana kallonsu sai bakina ya riga ni, na ce akurkin kaji ne, masunta na tafiya da kajinsu teku. Baba ya matsa ya leƙa, ya sa hannu a wani baki mai kama da mazurari da ke jikin kwandon, ya ce tarkon kifi ne, ta nan kifi ke shiga ya kasa fita, masuntan garinsu ma suna saƙa irinsa da itace. Direba ya juya baya yana tari. Na ce ai abin da nake nufi ke nan.

Gaba kaɗan akwai Al Zakira, inda wasu itatuwa ke tsirowa a cikin ruwan gishiri. Nan ne karo na farko da na ga fuskar Baba ta sauya. Daji ne kore shar a tsakiyar farar ƙasa, gajerun bishiyoyi masu duhun ganye, ƙafafunsu a cikin ruwa, saiwoyinsu sun huhhudo sama kamar an kakkafa tsinke, fararen tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna takawa a tsakani. Ya ce a tsaya. Ya ce yana so ya ga bishiyar da ke shan abin da ya tofar ɗazu. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa bishiyoyin akwai 'yar tafiya, ni kuma na ga dama ta samu da zan wanke kaina daga maganar kaji. Na ce wa direba ya shiga da mota har bakin ruwa, kada dattijo ya wahala.

"Masa, ƙasan nan ya yi laushi fa," in ji shi. Masa a bakinsu maigida ke nan.

Na ce ai na sha zuwa wurin nan, motoci na shiga. Ban taɓa zuwa ba.

Saman ƙasar busasshe ne, fari, kamar daɓe. Ƙarƙashinta kuwa taɓo ne baƙi mai wari. Ba mu yi taku hamsin ba motar ta yi wani nishi ta zauna. Direba ya taka mai, tayoyin gaba suka juya a wuri ɗaya suka ƙara nutsewa. Ya sake takawa, muka ƙara yin ƙasa. Ya kashe mota, ya ɗora goshinsa a kan sitiyari, ya fara ambaton sunan kafil ɗinsa a hankali kamar mai lazimi. Muka fito. Ba kowa a wurin. Sai a lokacin na lura da wani abu da ban karanta a waya ba: ruwan da muka hango can nesa yana matsowa. Wani dutse da na gani a bushe muna isowa, yanzu rabinsa na cikin ruwa. A mota akwai kayan Baba, da fasfonsa, da aikin abokina, duk a kan maganata.

Ina laluben lambar da zan kira, sai na ga Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke ya ɗora a kan mota, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa. Mutumin da ya shekara arba'in yana fitar da motocin tumatir daga fadama ba ya buƙatar waya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a sauke kaya duka. Muka kwashe zamzam da dabino da dardumomi muka jera a kan busasshiyar ƙasa, wurin ya koma kamar an buɗe shagon tsaraba a bakin teku. Ya ce direba ya rage iskar tayoyin gaba. Ya sa ni na tono taɓon da ke gabansu da murfin kula, shi kuma ya zaga ya tsinto ɓaraguzan katako da ruwa ya kawo, ya haɗa da shimfiɗun roba na ƙasan mota ya cusa a ƙarƙashin taya. Sannan ya leƙa ta taga ya ce wa direba, "Da baya za ka fita. Ka taka kamar kana tsoron tashin mai barci. In ka ji ta kama, kada ka tsaya." Ya dube ni ya ce, "Malam, kai kuma ka tura daga gaba."

Na sa kafaɗa na tura. Karo na farko ba ta motsa ba. Karo na biyu tayoyin suka watso mini taɓo tun daga gwiwa har hula. Karo na uku ta kama katako, ta yi baya da gudu kamar yadda aka umarta, ni kuwa duk ƙarfina yana jikinta. Abin da na jingina da shi ya tafi ya bar ni. Na kifa da fuska, hannu biyu a miƙe, a cikin taɓon da ruwa ya riga ya fara lasa.

Da na ɗago, direba ya fito yana riƙe da ciki, ya kasa tsayuwa. Baba kuwa, Allah Ya saka masa da alheri, ya juya mini baya yana kallon teku, don kada in ji kunya. Sai dai kafaɗunsa suna rawa. Ya daɗe a haka. Da ya juyo fuskarsa a daidaice take, idanunsa ne kawai suka yi ruwa. Ya ce, "Sannu. Iskar nan tana sa hawaye." Daga nan ya taka da ƙafa, yadda ya kamata mu yi tun farko, ya je ya tsinko ganyen bishiyar ɗaya, ya lasa, ya ce gishiri ne a bayansa, ashe shan ruwan take ta fitar da gishirin ta ganye. Ya sa ganyen a aljihu.

Lokacin Juma'a ya matso, ni kuma ba ni da siffar shiga masallaci. A gidan mai muka mayar wa tayoyi iska, aka wanke mota, ni ma na wanke abin da zai wanku. Jallabiyoyin tsaraba na nan a ƙunshe, amma ban ga bakin da zan roƙi surukina riga ba. Direba ya zaro mini kayan aikinsa na ajiya daga but. Na faɗa muku gajere ne kakkaura. Rigar ta ɗauki mutum biyu irina, wandon kuma ya tsaya a tsakiyar ƙwaurina. Na fito daga banɗaki ina jan riga ƙasa. Baba ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ba laifi. Sunna ce." A haka na yi sallah a wani ƙaramin masallaci, tsakanin wani ɗan Bangaladash da wani Balarabe mai ƙamshin turare, wanda ya matsa gefe kaɗan bayan raka'ar farko.

Lambun yana can ciki, an bar teku a baya. Tun daga nesa ake hango kan dabinai sun taru wuri ɗaya a tsakiyar fili. Gidan gona ne na wani dangi da suka yi arziki da lu'ulu'un teku tun kafin a san man fetur, a nan suke zuwa hutawa lokacin zafi, jikokinsu ne suka gyara shi suka buɗe wa masu yawon buɗe ido. Ana shiga ƙofa iska ta sauya. Inuwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kukan kurciya. Dabinai a jere, lemun tsami, rumman, lalle, ga wata tsohuwar kurna da mutum biyu ba za su rungume ta ba. Ruwa na bin ƙananan magudanai na dutse daga wata rijiya yana shiga kwami kwami. Gidan kansa na dutse ne da yaɓen farar ƙasa, ƙofofi gajeru na katako mai sassaƙa, rufin an jera itace an shimfiɗa tabarma an ɗora ƙasa, kusan irin azarar gidajenmu na da. Baba ya shafa bango ya ce waɗannan mutane sun san zafi.

Aka haɗa mu da wasu Turawa su biyar, wata matashiya mai yi wa baƙi bayani ta ja gaba. Turancinta gudu yake kamar an biyo ta. Ni Turancina na bakin ƙofa ne: ina katinka, jira a nan, ba a shiga. A kalma biyar nakan kama ɗaya. Amma duk inda ta tsaya sai Baba ya juyo ya ce, "Me ta ce?" Ni kuma in cike gurbin da abin da Allah Ya kawo bakina. Haka muka yi ta tafiya lafiya har muka zo wani ƙaramin ɗaki marar taga, daɓensa an yi masa kwari kwari a jere, duk sun gangara zuwa wani tulu da aka binne a kusurwa. Ta yi dogon bayani. Na ce wa Baba nan ne wurin wankan mai gidan, ruwa na bin kwarin nan ya taru a tulu.

Sai wata murya daga bayanmu ta ce, da Hausa, "Ba haka ta ce ba."

Wani tsoho ne baƙi siriri, da farin rawani irin na mutanen Sudan, riƙe da almakashin yankan reshe. Ya yi sallama, ya ce shi ne mai kula da lambun. Ya ce ɗakin nan na matsar dabino ne: a jibge buhunan dabino a kan kwarin nan, a rufe ƙofa, nauyi da zafi su sa zumarsa ta riƙa tsatsowa tana gangarawa cikin tulu. Ya ƙara da cewa tun daga bakin rijiya yake bin mu yana saurare, kuma dogon ginin da na ce hasumiyar kiran sallah ce, na jawo iska ne zuwa cikin ɗaki. Bai faɗa da mugunta ba. Ni dai na tsaya a cikin wandon aro ina kallon tulu.

Baba bai ko waiwaye ni ba. Ya kama hannun tsohon da hannu biyu ya ce, "Daga ina?" Tsohon ya ce a Sudan aka haife shi, a wani gari na bakin kogi. Hausarsa tsohuwa ce, irin wadda na ji a bakin kakata, da Larabci a tsattsakiya. Ya ja mu zuwa gindin kurna ya shimfiɗa tabarma, ya kawo gahawa da dabino da wani faranti na shinkafa da kifi da ya ce rabonsa ne na rana. Na koma gefe na tsuguna. Cikina ya zaɓi wannan lokacin ya yi ƙara, irin wadda ba a iya ɗora wa kowa. Baba ya tura farantin wajena ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Mu matafiya ne, Malam. Ci." Sannan ya gyara zama ya ba ni baya sosai. Na ci. Ban taɓa cin kifi mai daɗin wannan ba.

Suka shiga hirar ruwa. Yadda ake ba dabino aure da hannu, kwana nawa ake yi kafin a sake shayar da lemo, abin da ake yi in gishiri ya taso a kwami. Baba ya tashi ya je ya nuna masa wata magudana da ya ce gangarenta bai yi daidai ba, tsohon ya ce shekara uku yana faɗa wa masu gidan. Kafin in ankara su biyun sun tsuguna suna jera duwatsu. Direba ya fara nuna mini agogo. La'asar ta yi, muka yi sallah a nan, suka koma hira. Na rasa yadda ake ce wa suruki ya tashi.

A cikin hirar ne Baba ya tambaye shi yadda aka yi suka zama mutanen Sudan. Tsohon ya ce kakansa ne ya fito daga ƙasar Katsina da ƙafa zai je hajji, ya bar mata da 'ya'ya biyu, ya ce musu shekara biyu. Guzuri ya ƙare a hanya, ya tsaya noman auduga don ya tara na ci gaba. Da ya tara ya je ya sauke farali, a dawowa ya sake tsayawa don ya tara na komawa gida. "Kullum cewa yake baɗi," in ji tsohon. "Har ya rasu yana cewa baɗi. Mun san sunan ƙauyen, amma ba wanda ya taɓa zuwa." Ya yi 'yar dariya ya ce shi ma da ya zo nan shekara uku ya ce zai yi, ga shi dabinan da ya dasa da hannunsa sun fi gidan tsawo. Direba ne ya katse hirar ya ce, "Yalla, mu tafi, Alaji, jirgi ba ya jira," kuma ban taɓa jin daɗin surutunsa kamar ranar ba.

Dawowa gudu muka yi iyakar abin da kamarori suka yarda. Rana na faɗuwa ta dama, fitilun Doha na tasowa a gaba. Mun isa filin jirgin Hamad ana kiran magariba, muka ɗora kaya a amalanke, direba ya tsaya a bakin mota don ba a barin ta. Baba ya ce masa ya matso tukuna, yana son shaida.

Ya dube ni ya ce, "Malam, na ga ƙasar. Tana da kyau, mutanenta sun yi ƙoƙari. Na kuma ga ba ka san ta ba." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Wannan bai dame ni ba. Da ka san ta da yawa da na fi damuwa. Wanda bai san gari ba, aiki yake yi. Ban ce ka dawo gobe ba. Amma 'yata ba ta san abin da take jira ba. Ka faɗi shekara. Ka faɗi lamba, ba in Allah Ya yarda kawai ba."

Na ce shekara biyu, in Allah Ya yarda, in na ƙarasa ginin da na fara.

Ya ce, "Ko ka ƙarasa ko ba ka ƙarasa ba." Ya dubi direba. "Ka ji?"

"Na ji, Alaji. Kalas, magana ta ƙare. In bai tafi ba ni zan sa shi a but."

Baba ya miƙo mini hannu, abin da bai taɓa yi ba, na durƙusa na kama da hannu biyu. Ya tura amalankensa ya shige, bai waiwayo ba.

Na koma ɗakinmu na Al Asmakh bayan isha, abokan kwana suka ga shigar da na dawo da ita suka nemi bayani, na ce su bari sai gobe. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Ga masu son zuwa: ku je lokacin sanyi, ku fita da wuri, ku ci abinci kafin ku ɗauko surukanku, kuma inda kwalta ta ƙare ku ma ku tsaya. In ba ku san abu ba ku ce ba ku sani ba, don ba ku san wa ke tsaye a bayanku ba. Na kuma gane cewa mutum na iya shekara da shekaru a wuri bai zauna a cikinsa ba, bai kuma koma inda ya fito ba, yana tsakani, yana ganin kamar jiya ya zo.

Da safe kafin motar ma'aikata ta iso na kira matata na faɗa mata abin da na ɗauka wa Baba alkawari. Sai ta ce, "Tsaya, kada ka kashe. Bari in kira yaran, ka maimaita su ji."